Ɗan Can da Ruwan Tiyon Baba

Shirin Ɗan Can ba shi da wani tsawo. Zai karɓi makullin shagon da ke ƙasan gidansu, ya rataya allo a ƙofa, ya rubuta cewa nan ake gyaran duk abin da ke cin wuta, daga dutsen guga har injin asibiti. Kafin shekara ta zagayo zai fasa bango ya haɗe da shagon tela. Telan bai san da zancen ba tukuna, amma Ɗan Can ya riga ya fara tausaya masa.

Sunan kuwa 'yan layi ne suka raɗa masa. Tun da ya dawo daga shekarun da ya yi a waje, ba a gama magana a gabansa bai ce "a can" ba. A can ba haka ake yanka burodi ba. A can ba haka ake tsallaka titi ba. In an tambaye shi aikin da ya yi a can ɗin, sai ya ce "harkar injuna," ya dubi nesa. Gaskiyar magana dakon kwalayen injuna ya yi a wani sito. Amma a ganinsa, duk duniya babu abin da ya kai kwali kusanci da inji.

Matsalar guda ce: mai aski ma yana son shagon. Bawan Allahn nan ya daɗe yana aski a ƙarƙashin matakalar bene, inda duk sanda ya miƙe sai siminti ya gaishe shi a ƙeya. Ya roƙi Baba, mahaifin Ɗan Can kuma mai gidan, har ya gaji, Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Shi kuwa Baba abin da ke damunsa ya ishe shi. Minsharinsa ne ya yi tsanani har numfashi ya riƙa ɗauke masa cikin barci, likita ta haɗa shi da wata na'ura mai kama da rediyo. Tana da ɗan tankin ruwa da take ɗumamawa don kada iska ta busar masa da hanci, da dogon tiyo, da takunkumin da ake ɗaurawa a fuska. Minshari ya tafi, gida ya huta. Sai kuma ruwa ya fara taruwa a cikin tiyon yana feso masa a hanci.

Wata safiya Baba ya fito shan shayi idanu jajur.

"Abin nan zai kashe ni kafin ciwon ya samu dama," in ji shi.

"Ai likita ta gaya maka," in ji Umma tana zuba masa madara. "Iska mai ɗumi ce ke bi ta tiyo mai sanyi, shi ne yake zufa ta ciki. Ta ce a rage sanyin esi, a sauke na'urar ta yi ƙasa da gado, a kuma lulluɓe tiyon."

"A rage esi?" Baba ya dire kofi. "Ni da na ƙare ƙuruciyata a bakin tanderun burodi? Na yi wa kaina alkawari a sanyi zan tsufa. Kuma abin da nake shaƙa ne za a ajiye inda ake ajiye takalmi? Tiyo kuma a lulluɓe shi, jariri ne?"

Nan Ɗan Can ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta wanda ya ga yara na gardama kan abin da ya wuce tun tuni.

"Umma, likita jiki ta sani. Inji kuma sai mu. A can irin wannan ko zama ba a yi a gyara shi."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "To, malam mai inji. Ka raba ni da ruwan nan ba tare da an taɓa min esi ba, makullin shago naka ne. In ka kasa, mai aski ya gaji da buga kai."

"Baba, ka fara yi wa makullin sallama."

Da hantsi ya shiga ɗakin iyayen nasa, ya zagaya na'urar yana cije leɓe, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kara kunne. Sai hikima ta sauko masa. Tururi ai sama yake tashi, kowa ya san haka. In aka ɗora na'urar can ƙololuwa, tururin ba zai yarda ya sauko ba, iska zalla za ta iso hancin Baba. Ya hau kujera ya aza ta a kan kabad ɗin kaya, tiyon ya zubo ƙasa kamar wutsiyar biri.

"Ƙasa fa aka ce," in ji Umma daga bakin ƙofa.

"An faɗa wa waɗanda ba su da kabad."

Washegari Baba ya fito da tawul a wuya, yana fyace hanci.

"Yaya dare, Baba?"

"Da can ɗigo-ɗigo yake zuwa, har sallama yake yi. Jiya kuwa a ayari ya zo. Na yi mafarkin na faɗa rijiya, na farka na tarar ba mafarki ba ne."

"Madalla!" in ji Ɗan Can. "Wannan alama ce mai kyau. Tsohon ruwa ne ke fita."

Ya koma ɗakin ya sake nazari. Me ke busar da wanki? Zafi. Me ke busar da tabki? Zafi. To me ya sa aka bar maɓallin ɗumama ruwan a tsakiya kamar mai jin kunya? Ya murɗa shi har ƙarshe, har sai da ya ji ya ƙi gaba. Bai tsaya tambayar kansa inda ƙarin tururin zai je ba. Babban mutum ba ya tambayar kansa komai.

Kashegari tun kafin a ɗora shayi aka buga ƙofa. Tela ne, wanda ɗakin kwanansa ke jingine da bangon su Baba, ya hau bene da silifa wari da wari.

"Maigida, ina kwana. Ba gulma ta kawo ni ba, amma kun fara kiwon kwaɗi ne?"

"Wane irin kwaɗi?"

"Ƙululu, ƙululu, ƙululu, har gari ya waye. Uwargidana ta ce famfo ne ya fashe, ni na ce a'a, famfo yana hutawa."

Baba ya juya ya dubi ɗansa. Gashin bakinsa har yanzu da laima.

Ɗan Can ya dafa kafaɗar tela. "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ara min allurarka mafi kauri."

Wannan karon dabarar ta burge shi har shi kansa. Tun da ruwa ya nace sai ya shiga tiyo, to a buɗe masa ƙofar fita mana! Ya bi cikin tiyon da allura, tsaf-tsaf, huda bayan huda, ya jera kwanonin Umma a ƙasa don tarar ɗigo. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya ji takaicin babu wanda ya ɗauki hoto.

Ruwa ya bi ƙofar da aka buɗe masa. Iska ma ta bi.

Da safe babu wanda ya yi dariya. Tiyon ya kwana yana fito, iskar da za ta buɗe wa Baba maƙogwaro ta tsere ta hujojin, minshari ya dawo da ƙarfinsa, da shirun nan mai ban tsoro da ke biyo bayansa. Umma ta kwana a zaune tana zungurarsa duk sanda numfashin ya tsaya. Baba na riƙe da kofi barci ya sace shi, shayi ya zube masa a cinya.

Umma ta shiga ɗaki ta fito da wani tiyon a leda.

"Wannan suka haɗo mana da shi don ko-ta-kwana. Babu wani bayansa. Kai, dube ni nan. Ubanka ne wannan, ba rediyon makwabta ba. Garin neman gira za ka raba mu da ido."

"Umma, a can sai an yi gwaji..."

"To ka koma can ka yi."

Maganar ta yi masa zafi. Ya sauko bene a fusace, sai ga mai aski a ƙarƙashin matakala yana goge kilifar aski da ɗan buroshi.

"Injiniya! An ce jiya har da sarewa a gidanku."

"Ka ci gaba da dariya. In na buɗe shago zan saka maka fanka kyauta a ramin nan naka."

"Allah Ya saka. Ni dai na riga na auna bangon, madubina zai shiga daidai."

Ɗan Can ya wuce abinsa. Bai kai ƙarshen layi ba ya tsaya cak. Ya tuna! A siton nan ya taɓa ɗaukar wani kwali mai hoton tiyo da jan zare a jikinsa. Tiyo mai ɗumama kansa! In tiyon da ɗumi, ba zai yi zufa ba. Karo na farko ke nan da ya kama gaskiya da hannunsa, kuma da ya tsaya nan, ya ce a je a tambayi asibiti ko suna da irinsa, da labarin ya ƙare lafiya. Amma a sayo abin da wani ya ƙera? Shi?

Ya samo bututun roba mai faɗi irin na masu aikin famfo, ya zura sabon tiyon a ciki. Ya ɗauko dirayar gashin ƙanwarsa tana makaranta, ya cusa bakinta a bututun, ya naɗe da salatif. Iska mai zafi za ta riƙa zagaya tiyon, sanyi ya mutu. Kuma irin wannan abu ba a ɓoye shi a ɗaki. A shagon za a gwada, ƙofa a buɗe, da rana tsaka, kowa ya gani da idonsa. Talla da buɗe shago a faɗuwa ɗaya.

"Baba, abin da ya rage kawai ka sauko ka kwanta a benci."

"In kwanta a shago, jama'a na kallona, kamar kifi a teburin mai kifi? Kai ka ƙera, kai za ka shaƙa. Ni kujera zan zauna."

Bayan azahar layin ya cika. Tela ya bar keke, mai kanti ya bar kanti, matan bene na sama suka leƙo ta taga. Baba ya zauna a kujerar roba kusa da bango, makulli a aljihun gaba. Umma ta tsaya a bayansa ta harɗe hannu. Mai aski bai samu zuwa ba, yana da kai a hannu: hedimastan makarantar bayan layi, wanda ke sauri zai je taron iyayen yara. Amma daga ƙarƙashin matakala ana hango komai in an miƙa wuya.

Da yake shagon ba esi, Ɗan Can ya sayo manyan ƙanƙara ya jibge a ƙasa, ya kunna fanka tana hura su. Na'urar kuwa ya ɗora ta a kan kantar shagon mafi tsayi don na baya su gani. Ya buɗe tankin ya tuttula ruwa har baki.

"Ka wuce layin da suka zana," in ji Umma.

"Layin masu tsoro ne, Umma."

Ya juya ga jama'a. "'Yan uwa, abin da za ku gani yau, ko a can ba kowa ya taɓa ganinsa ba."

"To mu da ba mu je ba, mun huta da kuɗin mota," in ji mai kanti.

Ya soka fulogin na'ura, da na fanka, da na diraya, duk a soket ɗaya. Diraya ta ɗauki kuka. Ya kwanta a benci, ya ɗaura takunkumi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ɗaga wa jama'a babban yatsa.

"Injiniya," in ji tela yana leƙe, "wannan guntun da ya fito daga bututu, kusa da fuskarka, ya fara raɓa."

Ɗan Can ya buɗe baki zai ba da amsa, iskar na'urar ta shiga ta hanci ta fito ta baki, abin da aka ji kawai shi ne "Hhhaaafff." Ya sake gwadawa. "Fffaaahhh."

"Yaren can ne," in ji mai kanti. "Wa zai fassara?"

Ya zare takunkumin. "Cewa na yi zafin bai isa ba! Tela, miƙo min dutsen gugarka."

"Dutsen guga kuma?"

"Ka miƙo, ka ga aiki."

Ya jona dutsen a soket ɗin da ya riga ya yi nishi, ya kifa shi a kan bututun daga ƙarshe, ya koma ya kwanta, ya mayar da takunkumi, ya rufe ido yana murmushi, don a ga yadda barci ke daɗi a hannun gwani.

Mai ƙanƙara, da ya tsaya jiran buhunansa, shi ya fara shinshina. "Jama'a, wani ya ɗora roba a wuta?"

Ɗan Can ya ji warin shi ma, ya fi kowa ji, tun da kai tsaye ake kawo masa. Amma ya ƙudurta ba zai motsa ba. Ya sake ɗaga babban yatsa. Bututun ya fara lanƙwasa a hankali kamar kyandir a rana. Diraya ta sauya murya, ta yi tari, ta tofo hayaƙi.

"Dirayata!" Ƙanwarsa ce, ta dawo daga makaranta da jaka a baya. "Yaya, dirayata ce ka ɗaure wa baki?"

Ihun ne ya zabure shi. Ya tashi zaune da ƙarfi, ya manta fuskarsa na ɗaure da tiyo, tiyo na ɗaure da na'ura. Na'urar ta karkato daga kan kanta. Ruwan da ya wuce layin masu tsoro ya samu hanya, ya gangaro gaba ɗayansa, da ɗuminsa, ya sauka a hancin mai shi.

Ɗan Can ya miƙe yana tari yana kaɗa hannu kamar kazar da aka tsoma a kwatami. Ƙafarsa ta taka narkakkiyar ƙanƙara. Ƙafafu suka yi sama, mazaunai suka yi ƙasa, tiyo ya fizgo na'urar ta taho.

Baba, wanda rabonsa da sauri tun yana saurayi, ya yi wani irin tsalle daga kujera ya cafe ta a ƙirji kafin ta taɓa siminti. Kujerar ta tafi gefe guda, hularsa ta tafi wani.

Sai soket ya ce fat! Fanka ta tsaya. Firjin mai kanti ya tsaya. Rediyon matan sama ya yanke a tsakiyar waƙa. Layin gaba ɗaya ya yi tsit, ban da ɗigar ruwa daga haɓar Ɗan Can.

Daga ƙarƙashin matakala aka ji wata murya mai sanyi, irin wadda ta saba sa yara durƙuso.

"Wa ya ɗauke wutar nan?"

Jama'a suka dare. Hedimasta ya shigo da ƙyallen aski a wuya. Gefen dama na kansa fes yake yana sheƙi, gefen hagu kuwa daji ne ba a taɓa ba. Mai aski na biye da shi da matacciyar kilifa.

"Ranka ya daɗe, ka juya wa iyayen gefe ɗaya kawai," in ji mai kanti. Matan sama suka fashe da dariya har ɗaya ta buga taga.

Ɗan Can ya zare takunkumi, ya fyace, ya tashi da ƙyar yana dafe da ƙugu. "Wayoyin gidan nan ne ba su da inganci. A can..."

"Yi min shiru," in ji Umma. Ta zaro tiyon daga bututu. Ya narke ya manne, ya zama kamar igiyar da akuya ta tauna. Ta ɗaga wa Baba shi a gaban ido. "Ga na ƙarshen. Tashi mu je asibiti kafin su rufe, mu roƙi wani. Kuma daga yau rimot ɗin esi a jakata zai riƙa kwana."

Baba ya dubi na'urar da ke rungume a ƙirjinsa, ya dubi tiyon. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro makulli.

"Zo nan."

Ɗan Can ya washe baki. Ashe tsohon ya gane! Ashe ya ga ƙoƙari, ya ga basira, ya ga cewa kowane babban abu da tangarɗa yake farawa! Ya matso yana ɗingishi, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga makullin sama don na baya su gani.

"Ka kwashe ƙanƙarar nan," in ji Baba. "Ka goge ruwan. Ka nemo mai gyaran wuta na gaske. In ka gama ka kulle, ka miƙa wa mai aski."

Ya ɗauki hularsa ya bi bayan Umma.

Sai da la'asar ta yi sanyi Ɗan Can ya gama. Wuta ta dawo, hedimasta ya tafi taronsa a makare da hular aro. Mai aski na tsaye a bakin shagon, ya riga ya jawo madubinsa da kujerarsa mai juyawa, ya miƙo tafin hannu.

Ɗan Can ya sa masa makullin, amma bai saki ba. Idonsa na kan kujerar.

"Na ji tana ƙara in ta juya," in ji shi. "Ka bar min ita zuwa gobe. A can irin wannan..."

Mai aski ya fizge makullin, ya tura kujerar cikin shago da gudu, ya shige, ya murɗa kuba ta ciki.